Kwalin Kawu: littafin aikin adana tsofaffin waƙoƙin finafinan Indiya

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau na ɗauko kwalin kasa-kasan marigayi Kawu daga gidansa da ke Fagge. Inna, uwargidansa, ita ce ta aiko mini tun makon jiya cewa tunda duk cikin dangi ni ne na gaje shi a son waƙoƙin Indiya, in zo in kwashe kayan kafin ƙura da gara su ƙarasa su. Da na zube su a tabarma na ƙirga, sai na samu kaset 118, guda 71 masu minti 90, sauran 47 kuma masu minti 60, wato sama da awa 150 na sauraro idan duk suna da rai. Kaɗan ne a ciki na kamfani masu hoto a bango. Mafi yawansu kwafi ne da aka yi masa a rumfar masu ɗaukar kaset, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro yana rubuta abin da zai tuna masa da kowace waƙa: "ta mai lema", "ta giwa", "ta maciji", "ta keken doki", "ta abokai biyu a babur". Haka su Kawu suka san waɗannan waƙoƙi, da abin da idonsu ya gani a silimar Plaza da Orion, ba da sunan waɗanda suka yi su ba.

Abin da na ɗaura niyyar yi shi ne in juye kowane kaset zuwa kwamfuta kafin zarensa ya mutu, sannan in buɗe rajista da zan rubuta wa kowace waƙa sunan fim ɗin da ta fito, da shekararsa, da wanda ya tsara kiɗan, da wanda ya rubuta baitocin, da mai muryar da ta rera. Rajistar ce ta fi damuna. Mu a nan mun saba da mawaƙi irin marigayi Mamman Shata, wanda baitin nasa ne, karin nasa ne, muryar ma tasa ce, makaɗa da 'yan amshi suna biye da shi. A finafinan Indiya kuwa, tun daga 1935 da aka fara ɗaukar waƙa daban sannan ɗan wasa ya motsa baki a kanta, aikin ya rabu hannu huɗu, kuma wanda muke gani yana rawa shi ne ya fi kowa ƙarancin rabo a cikin waƙar. Na iyakance aikin daga 1949 zuwa 1980, shekarar da mawaƙi Mohammed Rafi ya rasu, domin a tsakanin nan ne mafi yawan abin da Kawu ya tara ya faɗo.

Talata, 9 ga Janairu

Na yi yamma biyu ina kakkaɓe ƙura da burushin fenti mai laushi, ina manna wa kowane kaset lamba. Na ware guda 14 da zarensu ya yi fumfuna saboda danshi, da guda 6 da ɗan soson nan mai tallafe zare a bakin kaset ya faɗi. Na sayi littafin rajista mai kauri a kan naira 1,500.

Asabar, 13 ga Janairu

Rikodar Kawu ta daɗe da mutuwa, don haka na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu tsofaffin kayan sauti. Bayan dogon ciniki na sayi tsohuwar rikoda ƙirar Japan a kan naira 28,000, da waya da 'yar na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta a kan 11,500. Wani dattijo mai gyaran rediyo a layin ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini bel ɗin da ke juya injin ya saki har ya fara narkewa kamar kwalta, ya canza shi a kan 2,500. Ya kuma gargaɗe ni da in riƙa goge bakin ƙarfen da ke karanta zare da auduga da sifirit bayan kowane kaset uku, musamman a wannan lokaci na hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Manhajar ɗaukar sautin, Audacity, kyauta ce. Abin da na kashe zuwa yau ya kama naira 43,500.

Lahadi, 14 ga Janairu

Tun bayan sallar asuba na fara juyewa, kuma saboda ɗoki na bar kaset huɗu suka wuce ina kallon allon kwamfuta kawai ba tare da na saurara da kyau ba. Sai bayan azahar na sa na'urar kunne na koma kan "Awaara Hoon" ta fim ɗin Awaara na 1951, waƙar da na sani tun ina yaro a bakin Kawu. Muryar Mukesh ta sirance, ta rasa nauyinta da ɗan amon hancin nan da aka san ta da shi, kiɗan kuma yana gudu kamar ana korarsa. Da farko na zargi tsufan zare, amma da na bi sauran ukun na ji duk haka suke. Na kunna waƙar a intanet tare da kaset a lokaci guda, kafin a kai baiti na biyu kaset ya tsere da tazara mai yawa. Ƙa'idar kaset ita ce zare ya yi tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya, wannan injin kuwa ya zarce haka. Aikin awa shida ya tashi a banza, na goge duka, domin adana muryar mutum a gurɓace ba adanawa ba ce.

Asabar, 20 ga Janairu

Na mayar da rikodar wajen dattijon, na ce masa, "Baba, injin nan gudu yake yi, ya ɓata mini muryoyi." Ya saurara na ɗan lokaci, ya ce laifin ba na bel ba ne, akwai wani ɗan rami a bayan injin da ake zura siririn sukudireba a daidaita gudunsa. Na kunna waƙar a wayata, shi kuma yana murɗawa a hankali, kansa a sunkuye, har sautin biyu suka hau kan juna suka zama ɗaya. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce shi ma ya ga fim ɗin da ƙuruciyarsa.

Da yamma na sake juye kasa-kasan, na kuma warware ta farko a cikin alamomin Kawu. "Ta mai lema" ita ce "Pyar Hua Iqrar Hua" daga Shree 420 na 1955, inda Raj Kapoor da Nargis suke cikin ruwan sama ƙarƙashin lema ɗaya. Shekara da shekaru na ɗauka Mukesh ne ya rera ta, tunda shi aka sani da zama muryar Raj Kapoor, ashe Manna Dey ne tare da Lata Mangeshkar, Shailendra ya rubuta, Shankar da Jaikishan suka tsara kiɗan. Waɗannan mutum biyu ba 'yan'uwa ba ne. Shankar a Hyderabad ya tashi, Jaikishan kuma mutumin Gujarat ne, sun yi aiki tare a ƙungiyar wasan daɓe ta Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj, kafin Raj ya damƙa musu fim ɗin Barsaat a 1949. Daga nan har rasuwar Jaikishan a 1971 sunansu a haɗe yake fita, kuma Shankar ya ci gaba da sa sunan biyu bayan ya rasa abokinsa. Alamarsu da kunne ke saurin kamawa ita ce taron gogen Turawa da ke tashi tare kafin murya ta shigo, da akodiyon, da doguwar shimfiɗa wadda ita kaɗai ta isa a kira ta waƙa. A kaset huɗun nan kawai na samu waƙoƙinsu 23, har da ta Junglee ta 1961 wadda ake buɗewa da ihu.

Laraba, 24 ga Janairu

Na ci gaba da juye kaset ɗaya ko biyu kullum bayan sallar isha'i, ba tare da wata matsala ba. Jimla ta kai 9.

Asabar, 27 ga Janairu

Kaset na 10 da na 11 duk na Naushad ne, kodayake Kawu bai rubuta sunansa ko sau ɗaya ba. Abin da ya rubuta a bango shi ne "na sarauta". Ban ga laifinsa ba, domin kiɗan mutumin yana da wata irin isa da ba ta gaggawa. A Lucknow aka haife shi, ya gudo Bombay yana saurayi ba da son mahaifinsa ba, ya yi suna da fim ɗin Rattan a 1944. Abin da ya bambanta shi da tsaransa shi ne nacewa a kan gina waƙar fim bisa raga, wato tsararren jerin sautuka na kiɗan Indiya na gargajiya, wanda ke da ƙa'idar hawa da ta sauka, kowanne kuma da yanayinsa da lokacin da ya dace a rera shi. Masu kuɗin fim suna tsoron cewa talaka ba zai bi irin wannan kiɗa ba, sai Baiju Bawra ya fito a 1952 ya ƙaryata su, ya kuma samo wa Naushad kyautar mujallar finafinai ta Filmfare ta farko da aka taɓa bai wa mai tsara kiɗa, a 1954. Na maimaita "Man Tarpat Hari Darshan Ko Aaj" sau uku ina bin muryar Rafi. A kan raga mai suna Malkauns aka gina ta, mai sautuka biyar kacal, kuma a ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa kunnen Bahaushe, wanda ya saba da kari mai sautuka biyar, bai taɓa baƙuntar irin waɗannan waƙoƙi ba. A cikin labarin fim ɗin waƙar ibada ce ta mabiya addinin Hindu, amma marubucinta Shakeel Badayuni, da mai kiɗanta, da mai rera ta, duk Musulmi ne, abin da ke nuna yadda sana'ar ta cakuɗa mutane a Bombay ta wancan zamani.

A kaset na 11 ne "Pyar Kiya To Darna Kya" take, daga Mughal-e-Azam na 1960, wadda Madhubala ta taka a fadar madubai. Jiya bayan sallar Juma'a na biya wajen Inna da wasu waƙoƙi a waya. Da na kunna "Duniya Mein Hum Aaye Hain" ta Mother India na 1957, sai ta ajiye farantin da take tsince shinkafa, ta ce, "Wannan ai ta matar nan ce mai jan garma, kawunka ba ya gajiya da ita." Ta yi shiru har waƙar ta ƙare. Da na gaya mata cewa muryoyin mata uku ne 'yan ɗaki ɗaya, Lata da Meena da Usha Mangeshkar, sai ta ce ita duk zamanta ta ɗauka Nargis ce ke rerawa da bakinta.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Yau rikoda ta tauna mini zare, kuma a kan "ta keken doki" abin ya faru. Ina cikin sauraro sai na ji sautin ya fara rawa, kafin in kai hannu ya shaƙe. Da na buɗe na tarar zaren ya nannaɗe 'yar tayar robar da ke jansa, ya cukurkuɗe. Sakaci na ne, domin na tsallake gogewar da dattijon ya ce in riƙa yi, dattin tsofaffin zare ya taru a jikin tayar har ta yi danƙo. Na kashe kusan awa ɗaya ina zaro shi da tsinken ashana, sannan na kwance kusoshi biyar na kaset ɗin, na yanke wurin da ya yage, na haɗa bakin biyu da siririn salatif ta bayan zaren, na naɗe shi da biro. Abin da na yanke ya kai santimita 30, wato kusan daƙiƙa shida daga tsakiyar baiti na biyu, kuma ba za su dawo ba. Na sayi sabon sifirit da auduga da ƙananan sukudireba a kan naira 2,000.

Waƙar ita ce "Maang Ke Saath Tumhara" daga Naya Daur na 1957, Rafi da Asha Bhosle suka rera, Sahir Ludhianvi ya rubuta. Kawu bai yi kuskure da ya laƙaba mata keken doki ba, domin O. P. Nayyar, wanda ya tsara ta, da wannan bugu mai kama da takun kofato aka san shi, har ya zama kamar hatiminsa. Akwai wani abu game da shi da ya sauƙaƙa mini aiki ƙwarai: duk tsawon sana'arsa bai fitar da waƙar fim ko ɗaya da muryar Lata ba, da Geeta Dutt da Shamshad Begum da Asha ya yi aiki. Saboda haka duk inda na tabbatar kiɗan Nayyar ne, sunan Lata ya fita daga lissafi. Jimla ta kai 19.

Talata, 6 ga Fabrairu

Yau shekara biyu cif da rasuwar Lata Mangeshkar, don haka na zaɓo kasa-kasan da muryarta ta fi yawa. Na fara da "Aayega Aanewala" ta fim ɗin Mahal na 1949, kiɗan Khemchand Prakash, waƙar da ta fito da ita fili. A faifan garmahon farko ba sunanta aka buga ba, sunan Kamini aka sa, wato matar da ke cikin labarin, sai da masu sauraro suka dami gidan rediyo da tambayar mai wannan murya. Ashe ɓoye mai aiki a bayan fuskar ɗan wasa ba daga wajenmu ya fara ba.

Daga nan na shiga waƙoƙin Madan Mohan, wanda ni a wajena babu wanda ya kai shi sanin yadda ake ɗora muryar Lata. A Bagadaza aka haife shi a 1924, ya yi aikin soja kafin ya koma kiɗa. "Lag Ja Gale" ta Woh Kaun Thi na 1964 ba ta da hayaniya ko kaɗan. Goge ne ke shimfiɗa a hankali, muryar ta hau a kai, ta riƙe sauti ɗaya har sai mai sauraro ya ji numfashinsa ya tsaya tare da ita. A shekarar da aka sa wannan fim a takarar Filmfare, Laxmikant da Pyarelal ne suka lashe da Dosti, shi kuwa har ya rasu a 1975 bai taɓa samun wannan kyauta ba, kodayake ya samu kyautar finafinai ta ƙasar Indiya a kan Dastak na 1970. Wannan rashin adalci ne a ganina, ko da yake Dosti ma ba abin rainawa ba ne.

Na kuma kama kaina da wani kuskure. A makon jiya na rubuta Lata a gaban "Aajkal Tere Mere Pyar Ke Charche" ta Brahmachari na 1968, alhali Suman Kalyanpur ce. Muryoyinsu suna kama sosai, kuma a shekarun 1960, lokacin da Lata da Rafi suka samu saɓani a kan haƙƙin mawaƙa daga cinikin faifai har suka daina rera waƙa tare na wasu shekaru, Suman ce ta riƙa cike gurbin. Yanzu dole in sake bin duk waƙar da Rafi ya yi da mace a wancan tsakani, guda 31 a rajista, in tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Babu wuta kwana uku, sai da janareto na yi aiki, kuma ƙararsa tana shiga waya ta bar wani gurnani a ƙarƙashin sautin. Na dakata a kan 26.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Wannan shi ne mako mafi muni tun da na fara. Daren Laraba aka kawo wuta da ƙarfi ina tsakiyar juye kaset na 33, na ji ƙauri, cajar kwamfuta ta ƙone, tsohon faifan ajiya da ke haɗe da ita kuma ya daina buɗewa. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ceto kaset 22 na farko, sauran 11 suka tafi. Tun farko ya kamata in ajiye kwafi na biyu a wani wuri, na yi ta ɗagawa saboda tsadar faifan, ga shi yanzu na biya ninki. Caja ta ci naira 9,000, faifan ajiya 35,000, na'urar daidaita wuta 22,000. Daga yau duk kaset ɗin da na gama sai ya kwana a wuri biyu. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne rajistar takarda tana nan, kasa-kasan ma ba abin da ya same su, lokaci ne kawai ya salwanta.

Da nake jiran gyara na zauna bin rajista layi-layi, a nan na gano babban kuskure. Waƙoƙin Pakeezah na 1972, irin su "Inhi Logon Ne" da "Chalte Chalte", duk na rubuta su da sunan Naushad. Ba nasa ba ne. Ghulam Mohammed ne ya tsara su, mutumin Rajasthan wanda ya yi shekaru yana mataimakin Naushad, gwani ne kuma wajen kiɗan ganga. Fim ɗin ya daɗe a hanya fiye da shekara goma saboda rabuwar daraktansa Kamal Amrohi da matarsa Meena Kumari, jarumar fim ɗin, Ghulam Mohammed ya rasu a 1968 bai ga fitowarsa ba, sai Naushad ya ƙarasa kiɗan da ke rakiyar labari. Mutum ya yi aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, ya mutu kafin duniya ta ji, sannan ni ma da na zo gyara sai na miƙa wa maigidansa. Na soke layukan, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na maido da 9 daga cikin 11 da suka ɓata. Aikin rajista na wannan mako shi ne raba uba da ɗa, domin a layuka 17 "Burman" kawai na rubuta. Sachin Dev Burman, ɗan gidan sarautar Tripura, mutum ne mai tsimin kayan kiɗa; yakan bar sarewa ɗaya da ganga ɗaya su riƙe waƙa, kuma ana jin karin matuƙa kwalekwalen Bengal a cikin aikinsa. Nasa ne Pyaasa na 1957 da Guide na 1965 da Aradhana na 1969. "Ta jirgin ƙasa" da Kawu ya rubuta ita ce "Mere Sapno Ki Rani" daga Aradhana, inda Rajesh Khanna ke bin jirgi a mota, kuma wannan fim ne ya ɗaga Kishore Kumar, mai rera waƙar, har ya sha gaban kowa a shekarun 1970.

Ɗansa Rahul Dev Burman, wanda ake kira Pancham, ya yi wa mahaifinsa mataimaki a fim ɗin, shi ya sa wani lokaci kunne kan ruɗe. Amma idan ya tsaya shi kaɗai ba ya ɓoyuwa: jita mai nauyi, da ƙaho, da bugu mai karyewa, da sautukan da ba na kayan kiɗa ba, kamar ƙarar kofin gilas da ke buɗe "Chura Liya Hai Tumne" ta Yaadon Ki Baaraat na 1973. "Ta abokai biyu a babur" tasa ce, wato "Yeh Dosti" daga Sholay na 1975, Kishore da Manna Dey suka rera, Anand Bakshi ya rubuta. A wannan shekara ce uban ya rasu. Daga cikin layuka 17, shida na uban ne, 11 na ɗan.

Asabar, 2 ga Maris

"Ta giwa" ba ta ba ni wahala ba, ta Haathi Mere Saathi ce na 1971, kiɗan Laxmikant da Pyarelal, waɗanda suka fara da Parasmani a 1963 bayan sun yi shekaru suna makaɗa a ƙarƙashin wasu. Su ne sarakunan dholak, gangar nan mai baki biyu, kuma na lura kasa-kasan da zarensu ya fi cinyewa saboda yawan sauraro nasu ne. "Ta maciji" kuwa ta Nagin ce na 1954, "Man Dole Mera Tan Dole", kiɗan Hemant Kumar. Busar gardin da kowa ya sani a cikinta ba daga ainihin abin busa ta fito ba; Kalyanji ne ya fitar da ita a kan wata na'ura mai madannai da ake kira clavioline, tun kafin shi da ƙanensa Anandji su zama masu tsara kiɗan Don da Muqaddar Ka Sikandar a 1978. A Qurbani na 1980 na kiyaye, ban maimaita kuskuren Pakeezah ba: kiɗan fim ɗin nasu ne, amma "Aap Jaisa Koi" ta Biddu ce, kuma Nazia Hassan, yarinya 'yar Pakistan, ta rera.

Wani abu ya ja hankalina a kaset na 40. Kari biyu da ke ciki ba a silima na fara jin su ba, a majalisin 'yan bandiri na fara jin su a cikin birni, inda ake ɗaukar karin waƙar Indiya a ɗora masa baitocin yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka na ja sabon layi a gefen rajista domin rubuta inda kowane kari ya sake ɓulla a Hausa, ko a bandiri ko a finafinanmu. Ba zan cika shi da zato ba, sai wanda na saurari biyun na tabbatar.

Asabar, 9 ga Maris

Zuwa yau na juye kaset 47, saura 71, cikinsu har da 14 masu fumfuna da 6 marasa soso da ban taɓa ba tukuna. Bayan cire maimaici, rajista tana ɗauke da waƙoƙi 512, guda 431 sun cika da sunayensu duka, 81 kuma suna jiran marubuci ko shekara. Shankar da Jaikishan ne suka fi yawa, sai Laxmikant da Pyarelal, sai Rahul Dev Burman, shi kuwa Madan Mohan tara kacal gare shi. Daga cikin 31 ɗin nan na Rafi na tantance 20, huɗu suka koma sunan Suman Kalyanpur. Kuɗin da aikin ya ci, har da fetur na naira 12,000, ya kai 123,500.

Ana sa ran ganin wata gobe, don haka zan rufe rikoda da ƙyalle, in dakatar da sauraro sai bayan Sallah. Idan Allah ya kai mu, da kasa-kasan da na ware na masu tsara kiɗa Roshan da Ravi da Salil Chowdhury da Khayyam zan fara, sannan in nemo sosayen daga matattun kaset a wajen dattijon, in gwada goge masu fumfunar da busasshiyar auduga a kan guda ɗaya kafin in taɓa sauran. Inna ta roƙi in zuba mata na Mother India da "ta mai lema" a memori domin 'yar rediyonta, na gama haɗawa da daren nan, gobe da safe zan kai mata.